Belun Yari

Ni wanzami ne, a Ƙofar 'Yandaka na gaji zabira wurin ubana, kuma da wannan hannun na ɓata wa aminina Yari wata bakwai.

Yari mai shela ne. A shekarar da soja suka miƙa mulki, shi ke bisa motar kamfen da lasifika, tun daga Ƙofar Sauri har Ƙofar Kwaya ana jin shi. Da muryarshi ta dushe, kowa ya ce ihun siyasa ne. Aka yi zaɓe, aka rantsar, murya ba ta dawo ba. Tuwo ma sai ya kora da ruwa.

Matarshi Ma'u ta ce a je asibiti. Na yi mata dariya.

"Haba Ma'u! Belu ne ya sauko. Aikin minti biyu za ki kai wa 'yan boko?"

Na danne harshe, na yanke. Bayan wata uku babu sauƙi, na ce saura ya rage, na sake sa aska. Kai, girman kai bai yi ba! Wallahi a karo na biyun na ji ƙullutu a gefen wuyanshi, tauri kamar goro, na ja bakina na yi shiru don kada Ma'u ta ce ta faɗa.

Sai da ya fara tofar da jini muka tafi, ni na riƙe shi. Likitan ya ɗumama wani ɗan madubi, ya kama harshen Yari da ƙyalle, ya leƙa can ƙasan maƙogwaro. Ya daɗe yana kallo.

"Belu ba shi da laifi," in ji shi. "Ƙari ne a inda murya ke fita. Za a yanki kaɗan a auna, amma ina tsoron daji ne. Da kun zo da wuri, da gashi da na'ura kawai za a yi mashi, ba sai an yanka ba." Sai ya ɗaga murya: "Wane ne ya yi wannan ɓarnar har sau biyu?"

Ina tsaye kusa da shi. Ma'u ta dube ni, ta sunkuyar da kai.

Yari ya yi ta kokawa da maƙoshinshi kafin magana ta fito, kamar ana jan buhu a ƙasa.

"Wani baƙo ne, likita. Ya bar gari."

Ni kuwa, ƙato da gemu, ko tari ban yi ba. Har likitan ya ce Allah ya saka mani da alheri tunda na kawo shi, na ce amin. Amin fa na ce!

Awo ya tabbatar. Aka tura su Zariya da safe, kunya ta hana ni rakiya, na ce wai ina da askin suna. Can aka cire maƙogwaron gaba ɗaya, aka bar mashi rami a wuya yana numfashi ta nan.

Yana raye. Duk Juma'a yakan zo aski, ya zauna a tabarmata, ya ɗaga haɓa ya miƙo mani wuyan nan. Na roƙe shi gafara ya fi a ƙirga, sai ya dafa kafaɗata kawai. Shekara arba'in ina jin muryar Yari, kuma abu na ƙarshe da na ji ta faɗa ƙarya ce da ya yi don ya rufa mani asiri.