Rawanin da Minda ta Zana

Idan mutum ya mutu yana ƙaunar wani, daga baya wanin ya lalace, shin ƙaunar ma ta lalace ke nan? Na juya wannan tambaya iya juyawa, ban samo mata kai ba. Rodel Magbanua ma bai samo ba.

Rodel direban jifni ne, wato motar haya ta fasinja, a birnin Iloilo. A gefen motarsa akwai hoton Liwanara, sarauniyar shirin "Ƙofar Teku", wanda aka shekara shida ana kallo a talabijin. Mai fenti ne ya zana fuskar, amma rawanin zinariyar, matarsa Minda ce ta zana shi da hannunta, a kan kujera, tana tari. Ya ɗan karkace hagu. Ta rasu shirin yana shekara ta huɗu, tana cewa, "Ka gama mini kallonsa, ka ga yadda za ta ceci yaran garinta."

Ranar Juma'a aka nuna ƙarshe. Liwanara ta buɗe ƙofar teku a kan garinta, ruwa ya cinye yaran da ta yi shekara shida tana karewa, don kawai ta tsira da sarauta.

Washegari tasha ta ɗauki zafi. Masu sa hannu a takardar koke suna yi, masu zagin marubuta suna yi. Aling Nenita, dattijuwa mai sayar da soyayyar ayaba, ta yi kuka har idonta ya kumbura.

"Ga mijin mayya nan ya iso!" in ji Tikboy, mai kiran fasinja. "Pare, abokina, yau ina za ka kai mu? Ƙasan teku?"

"Shiri ne fa, Tikboy."

"Shiri? Je ka faɗa wa Aling Nenita. Ni dai ga fenti, ragowar na ɗakina ne. Shuɗi. Minti goma ka huta."

"Riƙe abinka. Ba mai taɓa hoton nan."

Tikboy ya ajiye gwangwanin a ƙarƙashin kujerar direba duk da haka.

Ranar Litinin wata mata da 'ya'ya biyu ta sa ƙafa a matakala, ta kalli hoton, ta janye su ta shiga motar baya. Rodel bai damu sosai ba, wasu sun shiga. Amma da yamma ya tarar an ja ƙusa daga kunnen sarauniyar zuwa haɓa. Talata aka rubuta "makashiya" a goshinta. Ya wanke da kananzir. Laraba, kafin ya gama cin shinkafarsa, an tofa jan yawun goro a kumatunta, ya gangaro.

Ya tsaya tsakiyar tasha. "Wane ne? Ya fito mana!"

Kowa ya sunkuyar da kai ga wayarsa.

"Ɗana," in ji Aling Nenita a hankali, "ba kai suke ƙi ba. Marubutan suna Manila, 'yar wasan tana ƙasar waje. Hoton nan kaɗai hannu yake kaiwa."

"Minda ba ta sani ba, Aling."

"Ta fi mu sa'a."

Alhamis ya ga sabon zanen ƙusa, siriri, ya tashi daga gira ya tsaya saura ɗan yatsa ya taɓa rawanin. Ya daɗe yana kallonsa. Ba zai iya tsare mota yini guda ba, dole ya ci abinci, dole ya zaga. Gobe ko jibi ƙusar wani za ta ratsa inda hannun Minda ya bi.

Ya jawo gwangwanin daga ƙarƙashin kujera. Tikboy ya buɗe baki zai yi tsiya, sai ya fasa, ya juya yana kiran fasinja.

Rodel ya shafe fuskar ba tare da ya kalle ta ba. Da ya zo kan rawanin, ya goge ƙurar da ke kansa da bakin rigarsa, ya sake tsoma burushi, ya fara daga gefen da ya karkace.