Konchitar Mama

Kwana goma sha biyu na yi a asibiti ana gyara mini ƙafa, na bar wa mijina Nicanor gida da kaji da konchitar mahaifiyata. Konchita wani ɗan tsiro ne mai kaurin ganye, a naɗe kamar ƙaramin kabeji. Mama ta gaje ta wurin uwarta, ta raine ta a gwangwanin barkono har ta bar duniya. Duk shekara, ranar ziyarar matattu, nakan kai mata ita bakin kabari su gaisa. Saura mako guda ranar ta zo.

Nicanor ɗan bakin teku ne, inda ruwan sama ba ya hutu. Shekara talatin yana zaune a busassun tsaunukanmu na Hidalgo, har yau bai yarda akwai abin da ƙishirwa ke yi wa daɗi ba. Safe da yamma ya dinga ɗura mata ruwa. Garin neman ƙiba aka samo rama, da na dawo gida, ina taɓa ta gindin ya narke a hannuna.

"Wallahi gata na yi mata, Herminia," in ji shi.

"Gatanka ya kashe mini uwa karo na biyu."

Na zauna a ƙasa na yi kuka, irin wanda ban yi ba ko ranar jana'iza. Maƙwabciyarmu Doña Crescencia, tsohuwar ƙawar Mama, ta leƙo ta kan katanga.

"Ke 'yar nan, wa ya mutu? Share majina ki biyo ni."

Ta ja ni bayan ɗakin girkinta, inda ban taɓa shiga ba. Gwangwanaye tara na jere a kan dutse, kowanne da konchita mai jan baki, sak ta Mama.

"Ganye ɗaya na tsinke daga ta uwarki ranar aurenki, na cusa a aljihu," ta ce, ko kunya babu.

"Inna, da kin roƙa ai da ta ba ki."

"Ji shashanci. Tsiron kyauta yana kamawa ne? Kowa ya san sai na sata."

"To, ki ba ni ɗaya."

"Ba zan bayar ba. So kike ita ma ta mutu?" Ta gyara mayafinta. "Uwarki ta gan ni a ranar, tsaf muka haɗa ido. Sai ta ce wai za ta duba wake a wuta, ta juya mini baya."

Ta kalli gwangwanin ƙarshe, mai 'ya'ya uku a gindi.

"Ni ma na ɗora wake," ta ce. "Kuma nawa yakan daɗe bai nuna ba."