Yawon Arba'in ɗin Uba

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso inuwa.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

A bazarar da aka haifi Uba, ko ƙadangaru ba sa hawa katangar gidan da rana. Gidan haya ne a bayan kamfanonin Sharaɗa, ɗakuna a jere suna kallon juna, rufin kwano, ba silin. Da hantsi ya ɗaga sai kwanon ya fara ƙas, ƙas, kai ka ce wani ne yake tafiya a kai. A ɗakin ƙarshe, daf da makewayi, nan Aina'u take jego.

Jegonta na uku ke nan, amma shi ne na farko da ta yi ba a gaban Innarta ba. Lubna da Haruna a ƙauyensu ta haife su, can bayan Gumel, inda mai jego ko tsinke ba ta ɗagawa. Bara ne mijinta Ya'u ya samu aiki a wani kamfanin roba, ya kwaso su. An yi da Inna za ta zo ta yi mata wanka, sai Baffa, mahaifin Aina'u, ya kwanta, ɓarin jikinsa ya shanye, ba mai juya shi sai ita. Maganar zuwa ta tsaya a nan.

Mutanen gidan ba mugaye ba ne, kada ku ce na ce. Ba sa nan ne kawai. Jiniyar safe na yin kuka gidan yake zubewa waje, maza zuwa injina, mata zuwa rumbunan da ake tsintar riɗi da zoɓo. Kafin rana ta leƙo tsakar gida kowace ƙofa ta sha kwaɗo. Ko ranar suna haka aka yi. Abokan aikin Ya'u suka zo da sassafe, aka shafa fatiha, aka raba dabino, aka raɗa wa yaro sunan kakansa, ana ce masa Uba, jiniya ta kira suka watse da goronsu a baki.

Ya'u kan ɗora mata tukunyar ruwa kafin ya fita. Sauran aikin nata ne. A cikin wannan zafin da tsuntsu yake buɗe baki yana haki, ita za ta ja tafasasshen ruwa zuwa makewayi, ta tsoma ganyen darbejiya tana fyaɗa wa jikinta. Kafaɗa tana samu, ƙugu yana samu. Tsakiyar baya ce hannu ba ya kaiwa, sai ta zuba ruwan da moɗa ya gangara, ta ce ya isa.

Idan ta fito, yini ya miƙe kamar titin da ba kwana. Ba wuta, fanka tana tsaye a kusurwa kamar baƙuwar da ba a gaisa da ita ba. Takan zuba wa yaran ruwa kaɗan a baho su zauna ciki, ta ba su mangwaro su yi ta tsotso har gwiwar hannu.

"Umma, Haruna ya yi fitsari a ruwan!"

"Ba ni ba ne, mangwaro ne."

"Maƙaryaci, mai kan kwakwa!"

"Ku yi mini shiru kada ku tashe shi," in ji Aina'u, tana yi wa jariri fifita, tana barbaɗa masa hoda a wuya inda ƙurajen zafi suka feso. Amma idan suka yi shirun, sai ta ji ba daɗi. Daga nesa injina suna ta gurnani, ba sallama, ba mai tallan da zai leƙo, ba wadda za ta ce, "Mai jego, an sha kunu?"

Abu ɗaya ne yake riƙe da ita. A asibitin da ta haihu, a gadon da ke kusa da nata, akwai wata yarinya da ta haifi mace, uwarta tana jinyarta. Tsohuwar ta lura ba kowa a wajen Aina'u, Ya'u ya koma gida wajen yara. Ba ta tambayi komai ba. Ta tsiyaya kunun kanwa mai zafi a kofi ta miƙa mata, ta karɓi jaririn ta gyara masa zani, ta ce, "Kai, wannan goshi na masu arziki ne." Da za a sallame su ta dafa kafaɗar Aina'u.

"Idan kin yi arba'in ki kawo mini mijina in gan shi. A Ɗorayi nake. Ki ce gidan Ladidi."

Kun dai san al'ada. Mai jego idan ta cika kwana arba'in takan yi kitso da lalle, ta goya jariri, ta bi gidajen dangi da na waɗanda suka yi mata kara, tana godiya, ana ɗaukar yaro ana sa masa albarka. A ƙauye sai an yi kwanaki ba a gama zagayen ba. A duk faɗin Kano kuwa, gida ɗaya tak aka ce wa Aina'u ta zo. Shi take juyawa a ranta idan tana fifita. Har ta ƙera gidan a zuciyarta, da bishiya a tsakar gida, da randa mai sanyi.

Da lokaci ya matso ta gaya wa Ya'u, yana cin tuwo da magariba, idonsa yana rufewa don gajiya.

"Ladidi wa?" ya ce. "Matar wa? Wane layi?"

"Cewa ta yi in ce gidan Ladidi."

"Aina'u, Ɗorayi fa ba ƙauyenku ba ce."

"Haba Malam, mace kamar Iya Ladidi, wa zai ce bai san ta ba?"

Ya dube ta, ya ga yadda fuskarta ta washe, abin da ya daɗe bai gani ba. Ya ce ta bari ranar Lahadi ya raka su. Lahadi ta zo aka ce akwai kaya da yawa, kowa ya fito aiki. Wata Lahadin ma haka. Lallen da ta ƙunsa da kanta, hannu ɗaya yau ɗaya gobe, ya fara koɗewa.

Ranar Talata, bayan an saka wa ƙofofi kwaɗo, ta yi wa yaran wanka, ta sa musu kayan suna, ta ɗaura atamfarta, ta goya Uba da sabon majanyi. Suka tsallake kwatar da ruwan kamfani yake bi, yau shuɗi gobe ja, suka tari adaidaita sahu a bakin titi.

"Ɗorayi wacce, Hajiya? Babba ko Ƙarama?"

"Gidan Iya Ladidi."

Direban ya waigo ya dube ta, ya dubi yaran, ya haɗiye dariyarsa. "To, bari in sauke ku a tsakiya, kya tambaya."

Ta tambayi mai kankana. Ya ce, "Ladidi mai me? Mai awara ko mai kitso?" Ta ce tsohuwa ce, doguwa, 'yarta ta haifi mace. Ya ce, "Baiwar Allah, a layin nan kaɗai kullum sai an yi suna." Ya nuna mata wani lungu. Mai awarar yarinya ce ɗanya, ko aure ba ta yi ba. Mai kitson kuma an ce ta tashi tun azumi. Wani tela ya tura ta gaba, wata mai markaɗe ta dawo da ita baya. Lungu ya haifi lungu, kowanne da irin ƙofofinsa, da irin kwatarsa.

A wani gida ta yi sallama har sau uku daga soro. Wata yarinya ta amsa daga bayan labule, ko leƙowa ba ta yi ba.

"A yi haƙuri, ba a sauke abinci ba."

Aina'u ta dubi lallen hannunta, ta dubi sabuwar atamfarta. Ta juya ta fita.

Rana ta take tsaka. Inuwa ta shige ƙarƙashin katangu ta ɓuya. Silifas ɗin Haruna ya tsinke, ƙasa ta gasa masa tafin ƙafa, ya fasa ihu, ta saɓa shi a kafaɗa ga goyo a baya. Uba ya yi kuka har ya gaji ya yi lamo, jikinsa ya manne da nata kamar an liƙa da ƙaro.

"Umma," in ji Lubna, tana jan gefen zaninta, "ko dai ƙarya ta yi miki?"

"Rufe mini baki. Babba ba ya ƙarya."

"To ina gidan?"

Aina'u ta hango wani dakali da ɗan guntun inuwa a bakin wata ƙofa, ta zauna, ta kwanto Uba ta rufa masa mayafi ta ba shi nono. Daga nan ko hanyar titi ba ta sani ba. Ba ta yi kuka ba, ruwan jikinta duk ya tafi a gumi.

Sai ga wata gajeriyar tsohuwa ta fito da ruwan wanke-wanke za ta watsa a kwata. Ta tsaya da kwanon a hannu.

"Ke kuwa 'yar nan, da ɗanyen goyo a wannan rana? Daga ina?"

"Sannunku, Iya. Yawon arba'in muka fito."

"Gidan wa?"

Lubna ce ta amsa. "Gidan Iya Ladidi. Amma ta ɓata."

Tsohuwar ta watsar da ruwan. "Ban san ta ba. Ni Asabe nake. Amma tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin an yi yawon arba'in a bakin kwata ba. Tashi ku shigo."

Gidan ɗan ƙarami ne, ba bishiya. A tsakar gida an tara kaya, katifa a naɗe, buhuna a ɗaure da igiya, tukwane a kife cikin juna. Ɗakin kuwa wayam, sai ƙusoshi a bango. Asabe ta ga inda idon Aina'u ya sauka.

"Gobe mota za ta zo. Malam maigidana ya rasu, na fita takaba, ɗana ya ce in koma wajensa a Ɗambatta kafin ruwa ya sauka. Randa ce kaɗai ban kwashe ba, Allah ya sa rabonku ne."

Ta zare tabarma daga jikin katifa ta shimfiɗa a ɗaki. Suka sha ruwa har cikin Haruna ya yi tulu. Ta tsoma ƙafarsa a kwano tana yi masa tsiya, wai ango ne ya zo zance ba takalmi. Sannan ta goge hannu a zani ta miƙo su biyu.

"Kawo shi nan. Wa aka samu?"

"Uba ake ce masa."

"Uba! To, Uban wa? Kai ɗan nema, da wannan ƙurajen za ka aure ni? Na fasa." Ta ɗaga shi sama, ta shinshina wuyansa, ta tofa masa addu'a a ka. "Allah ya raya, ya sa mai jin ƙan iyayensa ne. Ke kuma sannu da arziki. An fita lafiya? Wa ya yi miki wankan?"

"Ni na yi, Iya."

Asabe ta dube ta. Ta miƙa mata yaron, ta fita tsakar gida ta tsuguna gaban babban buhun da ke ƙasa, ta kama ƙullin igiyar da haƙori.

"Iya, don Allah ku bari, kun riga kun ɗaure."

"Wanda ya ɗaure shi zai sake ɗaurewa. Jariri ya shigo gidana ya fita hannu wofi, a ce me?"

Sai da ta zazzage rabin buhun a ƙasa, tsofaffin zannuwa, da faifai, da ludayi, kafin ta samo abin da take nema: sabulu sabo a takardarsa, da wata 'yar tasa ta silba.

"Sabulun na wanka ne. Tasar kuma idan ya fara cin tuwo."

Suka zauna har la'asar ta yi sanyi. Yaran suka yi barci a tabarma. Asabe ta ba da labarin Malam da rigimarsa a kan gishirin miya, Aina'u ta ba da labarin Baffa da gonarsu. Ta yi magana a ranar fiye da duk abin da ta faɗa tun da ta haihu, har muryarta ta dishe. Da za su tafi, Asabe ta huda silifas ɗin Haruna ta ɗaure da zare, ta yafa mayafi ta raka su har titi. Ba wadda ta ce sai yaushe.

Ranar Juma'a Ya'u ya kira ƙauye a wayarsa, ya miƙa wa Aina'u.

"An yi yawon arba'in kuwa?" in ji Inna, muryarta tana yankewa.

"An yi, Inna."

"An karɓe ku dai?"

"An karɓe mu. Har an yi wa Uba goma ta arziki."

"To, alhamdulillahi. Dama shi nake ta tunani."

Asabe ta tafi Ɗambatta washegarin zuwansu, ba su sake haɗuwa ba. Iya Ladidi kuwa tana can Ɗorayi, ko Babba ko Ƙarama, wataƙila tana cewa yarinyar nan ta asibiti ba ta da zumunci. Baffa ya rasu da kaka. Ya'u yana nan a kamfanin roba. An sa Lubna a makaranta, Haruna yana binta da kuka har bakin ƙofa. Ruwa ya sauka, ƙurajen Uba suka baje, ya yi wayo ya fara rarrafe. Aina'u tana nan a ɗakin ƙarshe.

Nan ta tsaya, ku tashi ku sha ruwa.