Ranar da Ruwan Murjani Ya Koma Madara

Kwana huɗu ban taka falonmu ba. Tun ranar da mota ta buge maigidana, ta karya masa ƙafa da haƙarƙari biyu, na tare a kujerar roba da ke gefen gadonsa na asibiti. A rana ta biyar ya kama hannuna, na ɗauka zai faɗi wata magana mai daɗi, sai ya ce, "'Yar Gaggawa, kin kuwa ba murjanina ruwansa?"

Na ce, "Yanzu ma zan je."

A falonmu akwai tankin gilashi mai tsawon tebur, cike da ruwan gishiri. Kifayen ciki ba su da matsala, wata 'yar na'ura ke zuba musu abinci. Murjanin ne abin lallashi. Ba irin na wuya ba, wannan halittar teku ce mai rai, mai rassa kamar bishiya. Akwai wani kore a tsakiya, wanda marigayi yayansa ya ba shi tun bai kai ɗan yatsa ba. Shekara shida yana renonsa, yanzu ya kai tafin hannu biyu. Shi kaɗai ne abin da yayan ya bar masa mai numfashi.

Murjani daga ruwa yake gina ƙashinsa, shi ya sa kullum ake ƙara wa tankin abu biyu: kalsiyam, wanda maigidana ke kira ruwan ƙashi, da wani mai hana ruwa yin tsami, wanda yake kira ruwan kanwa. Kwalabe biyu ne a ƙarƙashin tankin, duk garau kamar ruwan sha. Sau dubu na ga yana zubawa, amma fuskarsa nake kallo, ba hannunsa ba.

Na shiga gida na tarar da koren ya ɗan dusashe. Na yi lissafi irin na mai laifi: murfin kwalba guda a kullum, kwana biyar murfi biyar. Na auna biyar daga wannan, biyar daga wancan, na juye su gaba ɗaya a gaban famfon da ke kaɗa ruwa.

Kafin in rufe kwalba, wani farin hayaƙi ya tashi a cikin ruwan. Ya bazu, ya haɗiye duwatsu, ya haɗiye kifaye. Cikin minti biyu tankin ya koma madara. Na manna fuskata a gilashi ina neman koren, ban ga ko inuwarsa ba.

Na zube a ƙasa. Mutumin da ko tari ba ya iya yi sai ya riƙe ƙirji, da wane baki zan gaya masa na kashe abin da yayansa ya bar masa?

A jikin ƙofar kabad ɗin da ke ƙarƙashin tankin akwai lambar dattijon da ke sayar masa da gishiri da kayan gwaji. Na kira, kuka na cin rabin maganata.

"Baba, na kashe su! Ruwan ya yi fari fat!"

"Tare kika zuba?"

"Tare."

"Nawa?"

"Biyar-biyar."

"Kai, 'yata, hannunki da albarka! To saurara. Ɗauke hannunki daga kowace kwalba. Kar ki kashe famfo. Gani nan."

Bayan rabin awa ya iso da jarka biyu na ruwan gishiri haɗaɗɗe, gilashin idonsa ɗaure da zare. Ya durƙusa gaban tankin, ya leƙa ta gefe, ya yi tsaki irin na likitan da ya saba ganin wannan ciwo.

"Alli kika haɗa," in ji shi. "Waɗannan biyun, kowa murjani na buƙatarsa, amma in suka gamu da ƙarfinsu sai su rungumi juna su zama gari. Shi ya sa ake zuba ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Kuma ba a rama kwanakin da aka tsallake. Murjani ya fi jure rashi a kan canjin farat ɗaya."

"Zai mutu?"

"Riƙe min tiyon nan tukuna."

Muka zuƙe kusan kashi ɗaya cikin biyar na ruwan, muka maye gurbinsa da na jarka, a hankali, kofi bayan kofi. Ya cusa farar auduga a matatar ruwa, ya ce in canza ta duk lokacin da ta toshe. Sannan ya zaunar da ni ya koya min gwaji: ɗan ruwa a 'yar kwalba, a riƙa ɗiga magani ana ƙirgawa har shuɗi ya koma ruwan ɗorawa.

"Ɗigo takwas mijinki ke riƙewa. In kin sami ƙasa da haka, kar ki ruɗe. Ɗigo guda ake hawa a rana, ba fiye ba. Kin ji ko, sarauniyar biyar-biyar?"

Na yi dariya da hawaye a fuskata. A bakin ƙofa na ce, "Baba, don Allah kar ka gaya masa."

"Ni? Ai wannan aikinki ne."

Na kira ƙanwar maigidana ta zauna da shi a asibiti, na ce kaina ke ciwo. Sau uku na canza auduga kafin magariba. Ruwan ya koma kamar hazo, na fara hango wutsiyar kifi, amma koren ya ƙanƙame jikinsa, farin gari ya lulluɓe rassansa.

Da gari ya waye na fito falo ina tsoron ɗaga ido. Ruwan ya washe. Da fitilar tankin ta kama, na ga wasu 'yan gashi ƙanana suna leƙowa daga reshen sama, ɗaya, uku, sannan reshen gaba ɗaya, suna kaɗawa a ruwa. Na yi gwaji. A ɗigo na bakwai launi ya juya. Na jingina goshina da gilashin mai sanyi na daɗe ina cewa alhamdulillahi.

A asibiti ban ko ajiye jaka ba na zayyana masa komai, har da biyar-biyar ɗin. Fuskarsa ta canza.

"Koren ya buɗe?"

Na miƙa masa wayata. Ya kalli bidiyon da na ɗauka da safe sau uku, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya har ta taɓa masa haƙarƙari.

"Ɗigo nawa?"

"Bakwai."

Ya ɗago ya dube ni kamar yau ya fara ganina. "Ke kika gwada? Da kanki?"

"Gobe takwas, in Allah ya yarda. Murfi guda na ƙashi na zuba da safe, na kanwa sai yamma."

Ya rufe ido, murmushi na neman ƙwace masa. "Ni a shekarata ta farko sau biyu na yi madarar nan. Yaya har cewa ya yi zai zo ya ƙwace abinsa."

"Sau biyu? Kuma ka bar ni ina kuka a kan sau ɗaya?"

"Wayyo, 'Yar Gaggawa, kar ki ba ni dariya, ƙirjina!"

Na gyara masa matashi, na zauna. Ƙarfe biyar na yi, shi da kansa ya kore ni gida in zuba na kanwa.