Fitilun Murjanin da Inna Ta Yi wa Magani

Abin ya fara ne ranar da Auta ta ga wani shiri a talabijin. Ita dai murjani a wuyan mata ta san shi. Ashe halitta ce mai rassa a ƙasan teku, ja da shuɗi da ruwan hoda, kuma in ruwa ya yi zafi sai launin ya gudu, ya koma fari fat kamar ƙashi. Ta yi ta kuka har Inna ta fito tana tambayar wa ya rasu.

Daga nan ta shige ɗakin ajiya, wata uku tana lanƙwasa waya. Ta yi rassa, ta naɗe su da farin zare, ta tsoma a sitati, ta sa ƙwan fitila a tsakiya. Guda shida ta yi, duk farare. Wata mai shagon kayan ɗaki ta ga hotonsu, ta ce za ta zo ƙarfe huɗu, in sun yi mata za ta rataye su a shagonta. Auta ba ta taɓa samun wanda ya nemi aikinta ba.

Ranar da matar za ta zo, da hantsi Auta ta fita sayen ƙwan fitila. Tana dawowa ta tarar da fitilu biyar a igiyar shanya suna ɗiga, ja da kore da ruwan goro. Inna, wadda ta shekara talatin tana rini, na tsaye da hannu jawur.

"Inna! Me kika yi?"

"Asiri na rufa miki. Baƙuwa ta zo ta ga 'yar mai rini da kaya farare, sai ka ce babu uwa a gidan?"

"Ai farin shi ne aikin! Murjanin ciwo yake yi, mutuwa yake!"

"To shi ya sa. Kin ga mara lafiya, sai ki rataye shi a falo? Ni magani na ba shi."

Auta ta jawo baho da sabulu ta hau dirza. Inna ta jawo kujera ta zauna kallo.

"Dirza da kyau, 'yar nan. In ya zuba ki zo ki faɗa min."

Bai zuba ba. Sitatin ne ya jiƙe, rassan suka langaɓe.

A haka mai shago ta yi sallama. Ta dubi igiya, ta dubi hoton da ke hannunta.

"Ba farare ba ne?"

Ta ƙirga fitilun. Sai matar ta ce, "Shida kika ce min. Ina ɗayar?"

Inna ta fara gyara ɗankwali. "Waccan ba ta ganuwa."

Auta ta gano ta a bayan ƙofar kicin, an lulluɓe ta da tsumma. Rini ne ya ƙare wa Inna a bokiti. Gindin fitilar ja ne sosai, tsakiya ruwan hoda, kan rassan kuwa fari tas.

Mai shago ta ce a sauke labule a kunna. Haske ya bi rassan, jan yana ta kodewa har ya ɓace a sama. Ta daɗe tana kallo.

"Wannan ai murjanin ne ana cikin cinye shi. Irinta nake so, guda shida."

"Wannan?" in ji Inna. "Baiwar Allah, rabin aiki ne fa!"

"Shi nake so, Mama."

Auta ta durƙusa ta kama hannun Inna, jan ya shafe ta har gwiwar hannu. "Don Allah, Inna. Rabin bokiti kawai."

Inna ta yi tsaki, ta leƙa ta kan katanga ko maƙwabta na ji.

"Zan yi. Amma ta ƙofar baya za a fita da su, kuma duk wanda ya tambaya, ku ce ruwan sama ne ya dake su."