Taswirar da Baba Ya Bari

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana hawa duwatsun bayan garinmu neman waɗanda suka ɓata. Ba sana'arsa ba ce, shi mai askin tumaki ne. Amma da an kira waya, zai ajiye almakashi ya ɗauki jaka da taswirarsa.

Taswirar nan kaɗai na ɗauko daga ɗakinsa bayan jana'iza. Ta yi laushi kamar tsumma, tana ƙanshin hayaƙi da shayi. Duk inda ya taɓa tsinto mutum, ya yi alama da fensir ya rubuta 'yan kalmomi. "A nan suke bin hagu." "Kogin nan maƙaryaci ne." Karatuna bai yi nisa ba, amma rubutun Baba da muryarsa nake jin sa.

Rewi, wanda ya gaje shi a shugabancin masu ceto, sau biyu yana zuwa roƙo.

"Noeline, ara mana ita ko na mako guda."

"Ba kuna da na'ura mai magana da tauraron ɗan'adam ba? Ku tambaye ta mana."

"Na'ura ba ta san wautar mutane ba. Tsohon nan ya sani."

Na cika shi da miyar kabewa, na sallame shi hannu wofi. Na san yadda takarda take dawowa daga dutse.

Sai wata Lahadi da hantsi aka ce wani maharbin barewa kwana biyu bai dawo ba, gajimare kuma ya rufe kwarin, jirgin ceto ba zai iya tashi ba. Na kai tukunyar miya zauren da masu ceto suke taruwa, yadda Mama take yi a da. Matar mutumin tana zaune a kan kujera a bakin ƙofa da kofi a hannu, shayin ya huce ba ta kurɓa ba. A kujerar nan nake zama ina yarinya, ina jiran Baba.

Na koma gida na ɗauko taswirar.

"Rewi, in ka jiƙa min ita, kada ka sake taka gidana."

"To, ranki ya daɗe."

Da la'asar suka sami maharbin da karayar ƙafa, ƙasa da mararrabar da Baba ya rubuta cewa suna bin hagu.

Taswirar ta dawo a jiƙe. Ta yage a wajen ninki, gutsure ya tafi, da kalmomin Baba huɗu a jikinsa. Gefe kuma ga sabuwar alama da mummunan rubutun Rewi. Ya tsaya yana murza hularsa.

"Kaza ce ta rubuta wannan?" na ce.

Ban mayar da ita gida ba. Tana zauren, cikin leda. Duk Alhamis nakan je in dafa musu miya, in buɗe taswirar. Na liƙa farar takarda a inda ya yage. Na san abin da Baba ya rubuta a wurin, Rewi ma ya ba ni fensir. Har yau ban rubuta ba. Da hannun Baba nake son ganin kalmomin.