Gayya a Gonar Mardiyya

Tun kafin motar Gadarif ta gama tsayawa a bakin hanyar Simsim, Mardiyya ta jiyo rurin tarakta daga wajen gonar mahaifinta. Ta tattare mayafinta ta kama gudu.

Shekara goma sha tara garma ba ta shiga gonar nan ba. Ita ta roƙi marigayi mahaifinta ya bar mata, saboda wasu ƙananan ƙudan zuma da ke haƙa rami a ƙasa. Su ne ke bin furen riɗi har ya yi 'ya'ya, kuma feshi da garma sun gama da su a gonakin kewaye. Duk damina takan zo daga jami'a ta ƙirga ramukansu. Da yaƙi ya ci ofishinta a Khartoum, da akwatunan ƙwari da takardu, filin nan kaɗai ya rage mata.

Ta tarar an juye shi, saura ɗan gefe. Maza kusan talatin suna tumɓuke saiwoyi, balbelu na bin bayan tarakta.

Kawunta Modibbo ya taro ta, fuska cike da fara'a.

"Da kika tafi gari sai muka ce mu yi miki nafir, gayya irin ta iyayenmu. Kin dawo ba aiki, ga gonar ubanki ta zama daji. Mu ake zagi, Daktora."

"Kawu, turakun da na kafa fa? Masu jan ƙyalle?"

"Lukman ya tattara miki su tun da safe. Ko ɗaya bai ɓata ba."

Kowane turke a bakin rami ta kafa shi, da lambarsa.

Lukman, ɗan Kawu, ya leƙo daga kan tarakta yana dariya. "Yaya, bana dai dawa za ki ci, ba ƙuda ba."

Ta durƙusa ta fasa dunƙulen ƙasa. Ga 'ya'yan ƙudan zuman nan farare kamar ƙwayar shinkafa, waɗanda ke jiran ruwan farko su fito. Tururuwa har sun fara ja.

"Ku bar min wancan gefen," ta ce.

Kawu ya rage murya. "'Yata, ba a tashi daga gayya a bar saura. Mutanen nan gonakinsu suka bari suka zo. Za a ce kin raina."

Ta dubi gefen. Kwari ne, inda ruwa ke kwanciya. A duk shekarun nan ba ta taɓa ganin rami ko ɗaya a wurin ba.

"Ku ƙarasa," ta ce.

Da azahar mata suka kawo asida, wato tuwon dawa, da miyar kuɓewa. A gayya, mai gona ke raba abinci. Mardiyya ta wanke hannu ta ɗauki tire, tana bin mutanen ɗaya bayan ɗaya, tana kiran sunan kowa tana yi masa godiya.